Waƙar da Ta Riga Ni Zuwa Sabon Birni

A tashar Shinkafi na fara gane cewa na yi nisa da gida. Na tambayi wata mai abinci ko tana da faten acca, ta dube ni, ta dubi yarinyar da ke goye a bayana, ta ce, "Acca kuma? Mi ke nan?" Ni da na tashi ina zaton duk duniya da acca ake karya kumallo, sai ga ni tsaye ina yi wa babbar mace bayanin hatsi da hannu. Daga ƙarshe fura na saya. Na sha, na ba Godiya kaɗan, ta yamutsa fuska ta tofar mini a wuya.

Sunana Rahila. Ni Bajju ce, daga wani ƙauye a bayan Zonkwa, inda duk inda ka juya dutse ne da ciyawa. Mijina Ishaya birkila ne. Ina da cikin Godiya wani ɗan kwangila ya kwashe shi da wasu ma'aikata zuwa arewa aikin gina ajujuwan makaranta. Kiransa na ƙarshe daga Isa ya yi shi. Ya ce aikin ya kusa ƙarewa, zai nemi wani a gaba, in na haifi mace in sa mata Godiya. Daga nan wayarsa ta daina shiga. Ɗan kwangilar ya ce shi ya sallame su tun a Isa, bai san inda kowa ya nufa ba. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. A ƙauye kowa ya zama mai duba. Wasu suka ce 'yan bindiga sun kashe shi, wasu suka ce ya musulunta ya auri Bahaushiya, 'yan'uwansa kuma suka fara zagaya gonarsa suna auna ta da ido. Ni kuwa Allah ya yi ni da taurin kai, uwata ma tun tana da rai ta gaji da faɗa. Na ce musu na tafi arewa neman aikin girki, kuma ba ƙarya na yi ba, don dole in ci abinci a hanya. Amma abin da ya fitar da ni ɗaya ne: ko in ga Ishaya, ko in ga kabarinsa.

Daga Shinkafi zuwa Isa ba wata tafiya ba ce mai nisa, sai dai ban taɓa shiga motar da mutane suka yi shiru haka ba. Kowa idonsa a daji. Wani tsoho kusa da ni yana jan carbi, ni kuma ina karanta Zabura a cikin baki. Da muka hango rufin garin sai kowa ya saki numfashi, aka fara gaisawa kamar yanzu aka haɗu.

A tashar Isa na yi wautar da har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Hoton Ishaya guda ɗaya nake da shi, a cikin wayata, wanda aka ɗauke shi ranar bikin girbi a coci. Na riƙa bin mutane ina nuna musu, ina cewa birkila ne daga Kaduna. Sai wani mutum mai tsabta, mai farar shadda, ya matso ya leƙa.

Ya ce, "Wanga? Ai na san shi sarai. Birkila na, ko? Shina da tabo nan ga goshi."

Na matsa kusa da shi. Na ce, "Shi ne, ranka ya daɗe. Yana ina?"

"Kawo in gwada ma ƙanena, ga shi can bisa mashin. Shi ka kai musu ruwa wurin aiki, ya san gidan da suke."

Na miƙa masa da hannu biyu, har da durƙusawa. Ya bi ta bayan wata motar albasa, ban sake ganinsa ba. Sai da na daɗe a tsaye kafin hankalina ya dawo, na tuna cewa tabon yana nan ɓaro-ɓaro a hoton, birkila kuwa ni da bakina na yi ta shela. Ba wayar ce ta ƙona mini rai ba. Fuskar Ishaya ce aka tafi da ita, wadda nake nuna wa Godiya kowace safiya ina cewa ga babanta. Na zauna a ƙasa cikin rana na yi kuka irin na mara kunya.

Wata tsohuwa mai tuyar masa a bakin tashar ce ta kira ni. Tana da zanen Gobirawa tun daga gefen baki har kunne, ta kuma iya harara.

Ta ce, "Ke ɗiyar nan, taso daga rana, kina gasa jaririya. Kuka ba shi maido waya. Wanda yaɗ ɗauka ya tahi, kuma Allah na ganinai."

Sunanta Inna Hajo. Ba ta tambaye ni addinina ba, don ta ga gicciye a wuyana. Ta zuba mini masa da miya, ta karɓi Godiya ta ɗora a cinya tana juya tanda da hannu ɗaya. Da la'asar ta ce in ɗauki kwandonta in biyo ta. Ni da aka cika wa kunne a gida cewa kada in kuskura in kwana a gidan Musulmi, sai ga ni ina binta zugwi-zugwi, don ba ni da inda za ni.

Gidan malamai ne. Marigayi mijinta malami ne, surukarta kuma tana koyar da 'yan mata karatu a zaure. Na zauna a gidan ya kai wata guda. Ina jiƙa shinkafa, ina kai niƙa, ina wanke tanda, tana ba ni abin sabulu da na abinci. Da farko yaran gidan sukan tsaya daga nesa suna kallon yadda nake ɗaura kallabi, har Inna ta ba ni wani tsohon mayafinta ta ce rana ce take ji mini. Na san ba rana ba ce, amma na karɓa na yafa. Wata safiya bayan ta idar da salla ta same ni zaune a bakin gado na haɗa tagumi.

Ta ce, "Na san ba ki salla. Amma kina da wanda kike kira, ko?"

Na ce, "Ina da shi, Inna."

"To ga tabarma, kira shi. Zaman tagumi ba addinin kowa ba na."

Kewar gida ta fi damuna da yamma, lokacin da a wajenmu hazo yake saukowa daga kan dutse, mata suna dawowa daga gona da itace a kafaɗa. A Isa ƙasa shimfiɗe take, ido ya yi ta tafiya babu abin da zai tare shi. Ba mai jin yarena. Godiya ta fara koyon magana, kalmarta ta farko kuma Gobiranci ce. Na yi dariya a gaban mutane, na shiga bayan ɗaki na share hawaye.

Sau ɗaya aka ce mini akwai wani birkila ɗan Kaduna a Bafarawa. Ranar kasuwa na hau mashin, muka bi hanyar daji, rairayi yana neman kayar da mu. Na same shi a kan tsani yana yaɓe. Bagwari ne, gajere, mai fara'a, ko kama da Ishaya bai yi ba. Ya sauko ya saya wa Godiya rake, ya yi ta ba ni haƙuri kamar shi ya yi mini laifi. Na dawo ban iya cin abinci ba.

Ɗan Inna, Sanusi, direba ne. Shi ta sa ya yi ta cigiya a wajen masu buga bulo, har aka gaya masa cewa waɗansu daga cikin ma'aikatan makarantar sun wuce Sabon Birni tun wancan lokaci. Inna ta ce, "Lahadi za ki tahi. Mutanenku na taruwa can, ko ba su san shi ba sun san wanda yas san shi." Ta ƙulle mini masa a leda. Da na durƙusa zan yi godiya ta daka mini tsawa, wai ina ɓata mata ciniki, amma na ga tana goge ido da gefen zane.

Sanusi ya sauke ni a bakin wani lungu a gefen Sabon Birni, ya nuna mini da baki. Ko bai nuna ba da na gane, don na ji ganga. Ginin ƙasa ne da rufin kwano, ba allo, ba suna, sai ɗan gicciye na ƙarfe a kan ƙofa. An riga an fara sujada. Na lallaɓa na zauna a bencin baya.

Ni 'yar cocin da ake yin komai a tsare ce, don haka abin da na gani ya ɗaure mini kai. Wata mata tana durƙushe da carbin Katolika. Kusa da ita wani Bayarabe sanye da farar riga har ƙasa, ba takalmi. Wani ɗan sanda ya ɗaga hannu sama yana addu'a da ƙarfi, ba wanda ya ce masa ya rage murya. Akwai wasu mutanen Nijar, akwai wata makauniya da ke kaɗa tulu, akwai wata budurwa da tsohon ciki a bencin gaba, wadda a wajenmu da tuni an mai da ita baya an sa ta horo. Duka-duka ba su cika ɗakin ba. Na ce a raina, wannan kuma wace irin gauraya ce.

Wani tsoho Bahaushe, siriri, shi ne a gaba. Ba ya sanye da rigar fasto. Ya ce, "Yanzu waƙoƙin baƙi." Suka yi ɗaya da Ibo, suka yi ɗaya da Tibi, suka yi wata da Faransanci. Sai makauniyar ta canja kiɗa, suka ɗauki wata.

Da farko kiɗan na gane, ba kalmomin ba, don sun tauna yaren sun murɗe shi, ko kakata ba za ta gane shi da sauri ba. Sai can na gane. Waƙata ce. Ni na yi ta, a bakin dutsen niƙa, shekarar da uwata ta rasu, waƙar da ke roƙon Ubangiji ya riƙe hannun wanda ya gaji a hanya. Zumuntar matan ƙauyenmu kaɗai ke yin ta. Ba a taɓa buga ta a littafi ba, ba ta taɓa ƙetare rafinmu ba. Mutum ɗaya ne a duniya zai iya kawo ta nan.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Baiti ɗaya suka sani, suna ta maimaita shi. Da suka kai ƙarshensa sai na ɗora na biyu, ni kaɗai. Ganga ta tsaya. Kowa ya juyo. Wata ƙatuwar mata ta taso daga cikin mawaƙa ta nufo ni, tana ture benci da gwiwa. Daga baya na san sunanta Mama Nkechi, Ibo ce mai shagon kayan masarufi, a garin aka haife ta, kuma in tana magana a bayan labule sai ka rantse Bagobira ce.

Ta kama kafaɗuna ta ce, "Ke mi kike ga Ishaya?"

Na ce, "Matarsa ce. Yana da rai?"

"Shina da rai."

Na zube a kan benci. Ta zauna kusa da ni, ba ta sake ni ba. Ta ce, "Saurara, ƙanwata, kahin ki gan shi. Nan duk baƙon da yaz zo sai ya koya muna waƙa guda ta garinsu, al'adarmu ta. Mijinki ya koya muna wagga, ya yi Lahadi kaɗan tare da mu, sai yas samu aiki wajen Burkusuma. Bisa hanya anka tare motarsu. Ya daɗe hannun mutanen daji. Manoma sunka tsince shi bakin gona, ba shi magana, sunka kawo shi gari, wani yag gane shi. Ba waya, ba takarda. Mun san sunanai, mun san ɗan Kaduna na, shi ke nan. Wani soja ya ji waƙar ya ce yaren Bajju na, munka aika saƙo can, shiru. Shi ya sa kowace Lahadi muke yin ta, ko Allah ya kawo mai ganewa."

Na ce, "Ku kai ni."

Tsohon da ke jagorantar sujada, Baba Tanko, shi ya shige gaba. Ishaya ba cikin cocin yake ba, don ba ya iya jure taro da ƙarar ganga. Ranar Lahadi maƙwabcin cocin, Malam Bawa, ne ke riƙe shi. Muka same shi a ƙarƙashin dalbejiya a ƙofar gidan Malam, zaune a kan tabarma. Ya rame, gemu ya cika masa fuska, yana sanye da wata tsohuwar jallabiya ta Malam. Ya tara gutsattsarin bulo a gabansa yana jera su a layi, yana daidaita su da gefen hannu, in ya kai ƙarshe ya rushe ya sake.

Na durƙusa a gabansa na kira sunansa. Na yi masa magana da yarenmu. Ya ɗago ya dube ni yadda ake duban mai wucewa a hanya, ya mai da kai ƙasa. Na kwance Godiya na tsayar da ita a gabansa, na ce ga 'yarka, ga sunan da ka ce a sa. Ta taka ta nufi bulon. Ya sa hannu a hankali ya janye su gefe don kada ta rushe masa. Na yi shirin ganin kabari, na yi shirin ganin wata mace a ɗakinsa, har kalaman da zan gaya mata na tanada. Wannan kam ban yi shirinsa ba, kuma ya fi su duka ciwo.

Malam Bawa, wanda ke zaune a gefe da buzunsa, ya ce, "Ki yi haƙuri, ɗiyata. Da anka kawo shi ko ruwa ba shi karɓa ga hannun mutum. Yanzu shina ci, shina kwana. Sannu-sannu ta."

Aka ba ni ɗan ɗakin da ke bayan coci, inda Ishaya yake kwana. A kwanakin da suka biyo baya na san inda na faɗo. Baba Tanko ya yi aikin asibiti har ya yi ritaya, kuma shi ne ya fi kowa daɗewa. Ya ce a bayan shagon mahaifin Mama Nkechi aka fara taruwa, mutum kaɗan: mai shagon, wani ɗan sanda, wata ungozoma, da shi kansa yana saurayi. Kowa da cocin da ya baro a gida, kowa yana ganin nasa ne daidai. Filin da aka yi ginin kuwa mahaifin Malam Bawa ne ya yanka musu daga gonarsa, saboda ungozomar ta ceci matarsa a wajen haihuwa.

Na tambaye shi yadda aka yi ba su rabu ba, don na san halinmu, kan tsawon wa'azi ma mukan raba coci. Ya yi dariya ya ce sun gwada. Wata shekara aka yi gardama a kan baftisma, ko a nutsar ko a yayyafa, har aka rabu gida biyu. Ranar Lahadi ɓangare ɗaya suka ga mai ganga yana wancan gefe, ɗaya ɓangaren kuma suka ga babu mai iya karatun Hausa a cikinsu. Kafin wata ya ƙare wani yaro ya rasu, aka rasa isassun hannun da za su ɗauki akwati sai da aka haɗu. Daga makabarta ba wanda ya koma nasa gefen. Tun ranar aka daina tambayar baƙo daga wace ɗarika ya fito, sai dai a tambaye shi waƙa.

Ya ce, "Mutanenmu ba su zama, 'yata. Wannan a yi masa canjin wurin aiki, wancan tsoro ya kore shi. Fastoci ma sun zo sun tafi. Wanda ya koya mana ta Tibi ya rasu tun ba a haife ki ba, ba mai jin Tibi a nan yanzu. Amma in muka yi ta, mun san ya zauna a wannan benci."

Abincin Ishaya kuwa rabawa suka yi, kowane gida da ranarsa. Mama Nkechi tana da tata, Bayaraben nan mai facin taya yana da tasa, matar ɗan sanda, mutanen Nijar, har makauniyar, wadda 'yarta ke dafawa. Lahadi ta gidan Malam Bawa ce, don ranar Kiristoci suna coci. Malam da mai faci ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba, irin wasan Gobirawa da Yarbawa. Malam ya ce barkonon Yarbawa ne ya hana Ishaya magana, mai faci ya ce a'a, furar Gobirawa ce ta sa shi barci.

Duk da haka ni gida nake so. Na ƙudura cewa in ya ga dutsenmu, ya ji yarenmu ta ko'ina, zai dawo daidai. Baba Tanko ya ce in dakata tukuna. Ban ji ba, na ce mijina ne. Aka yi mana karo-karo, Sanusi ya kawo mota har bakin lungu. Ishaya ya biyo ni salin-alin, ina riƙe da hannunsa. Da Sanusi ya tayar da inji ya buɗe ƙofa, sai Ishaya ya fizge. Ya faɗi ƙasa ya rufe kai da hannu biyu, jikinsa yana karkarwa, yana wani irin nishi da ban taɓa ji daga bakin mutum ba. Ya rarrafa ya shige ƙarƙashin teburin mai shayi. Sai da Malam Bawa ya zo ya zauna a ƙasa kusa da shi, ya yi ta yi masa magana ƙasa-ƙasa, kafin ya fito. Ba wanda ya ce mini ai an gaya miki. Da sun faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Na sallami Sanusi, na ce ya gaya wa Inna ina nan. Na kwance kayana. Da yamma Mama Nkechi ta zo da kwano, na tare ta a ƙofa. Raina a ɓace yake, kuma kunya ce ta koma fushi.

Na ce, "Mama, na gode da abin da kuka yi, Allah ya sāka. Amma daga yau a daina kawo kwano. Matarsa ta zo. Ni zan dafa wa mijina."

Ta ajiye kwanon ta riƙe ƙugu. Ta ce, "Da mi za ki dahwa? Da taurin kai?"

"Zan nemi aiki."

"Aiki akwai, gobe ki zo shago. Amma kwano ba a hasa shi. Ke kina ganin naki na ke ɗai? Mun wanke shi, mun yi mai aski, mun kwana bisa kainai. Namu na shi ma. Talata ba ta da mai ita tun da matar malamin makaranta ta tashi, ni ka haɗa ta da tawa. Ki ɗauki Talata. Sauran kwanaki kwano na zuwa, kuma na mutum ukku za a zubo."

Na buɗe baki zan yi musu, ta ce, "Kin biya waƙarki tun kahin ki zo. Ke 'yar gida ta, ki zauna ki ci."

Na zauna na ci. Ina ci ina jin haushi, ina kuma jin wani nauyi yana sauka daga wuyana, wanda tun daga Zonkwa nake ɗauke da shi ni kaɗai.

Ranar Talata na tashi da wuri kamar mai biki. Na samo tsakin masara a kasuwa, da yakuwa, da gauta, da ɗan gyaɗa, na yi fate irin na gida a murhun bayan coci. Na ɗanɗana ya fi a ƙirga har harshena ya daina gane komai. Na zuba masa a kwano na ajiye a gabansa, na koma gefe na zauna da Godiya a cinya, na hana kaina sa rai.

Ya ture bulonsa. Ya ɗebi cokali ɗaya ya kai baki. Ya daɗe yana taunawa. Ya sake ɗiba. Sai ya tsaya, cokali a hannu, bai ɗago kai ba. Muryarsa ta fito a dushe, da yarenmu.

Ya ce, "Rahila, gishiri ya yi yawa."

Tun ranar da aka kai ni ɗakinsa wannan ce rigimarmu. Kullum sai ya faɗa, kullum sai na ce bakinsa ne, har maƙwabta sun haddace. Na toshe baki da mayafi don kada kukana ya firgita shi. Hawaye yana zuba a kan Godiya, ita kuma tana kallona tana kallonsa. Na matsa kusa, na sa yatsa a kwanon na ɗanɗana. Gaskiyarsa ce, ya yi yawa.

Na ce, "Bakinka ne. Ci haka nan."

Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da ci, har ya cinye.